Bugun Zuciya: Abin da Ke Faruwa a Ƙirji Kafin a Isa Asibiti

 

Babu garin da bai san irin wannan rasuwa ba. Mutum ya yi sallar asuba cikin jam'i, ya gaisa da maƙwabta, ya karya kumallo, kafin azahar sai a ji ana sanarwar jana'izarsa. Masu zuwa ta'aziyya su tambaya ko ya yi jinya, a ce musu ko kwana ɗaya bai yi ba, ƙirjinsa kawai ya ce ya yi masa nauyi. Wasu su ce ajali ne, kuma gaskiya suka faɗa, babu mai wuce lokacinsa. Wasu su rage murya su ce jifa ne. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne me ya faru a cikin ƙirjin mamacin tsakanin hantsi da azahar, kuma me 'yan uwansa za su iya yi a waɗannan sa'o'i da a ce sun sani.

Zuciya tsoka ce. Girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, nauyinta wajen giram 300. Tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana guda, tana tura jini kimanin lita 5 a kowane minti ko da mutum yana kwance, wato sama da lita 7,000 daga safiya zuwa wata safiya. Amma duk wannan jini da ke ratsa ɗakunanta huɗu wucewa kawai yake yi, ba shi ke ciyar da ita ba. Abincinta da iskar oksijin suna zuwa mata ne ta wasu jijiyoyi na musamman da suka fito daga gindin babbar jijiyar da ke barin zuciya, suka kwanta a kan tsokar. Guda biyu ne, ta dama da ta hagu, sai ta hagun ta rabu gida biyu, shi ya sa likitoci ke lissafa uku. Faɗin kowace bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Sauran tsokokin jiki suna da rangwame, domin idan mutum yana hutawa kaɗan suke ɗiba daga iskar da jini ya kawo musu. Zuciya kuwa ko a lokacin barci tana kwashe kusan kashi uku cikin huɗu na iskar da ta iso mata. Ba ta da ajiya, ba ta kuma da damar tsayawa ta huta.

Manomin rake a fadamar Makarfi ko Hunkuyi ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Ko rafi ya cika ya batse, idan magudanar da ke kai ruwa wani fangali ta toshe, fangalin nan zai bushe alhali na kusa da shi yana jiƙe. Haka bugun zuciya yake: jini na nan a jiki, amma wani yanki na tsokar zuciya ya daina samu saboda hanyarsa ta toshe. Bambancin shi ne rake zai jure kwanaki, tsokar zuciya kuwa da minti ake ƙirga nata.

Toshewar takan auku a rana ɗaya, amma shekaru ta yi tana haɗuwa. Cikin jijiya mai lafiya sumul yake. Hawan jini da hayaƙin taba da yawan suga a jini su ke ƙarzar wannan shimfiɗa ta ciki, sai wani nau'in kitse da ke yawo a jini, wanda ake kira kolestarol, ya sami kafar shiga bangon jijiyar ya zauna. Fararen ƙwayoyin jini su zo su haɗiye shi, su cika, su mutu a wurin. A hankali sai wani kumburi mai taushi ya taso a bangon, jiki ya rufe shi da 'yar fata. Wannan aiki tun da ƙuruciya yake farawa. A shekarar 1953 likitocin sojan Amurka sun buga sakamakon binciken gawarwakin sojoji 300 da suka mutu a yaƙin Koriya, matsakaicin shekarunsu 22, sai aka tarar kashi 77 cikin ɗari suna da alamun wannan taruwar kitse a jijiyoyin zuciyarsu. Samari ne majiya ƙarfi, babu wanda ya taɓa kukan ƙirji a cikinsu da aka sani.

Wani lokaci jiki yana yin gargaɗi. Idan kumburin ya cinye wajen kashi 70 cikin ɗari na faɗin jijiyar, jinin da ke wucewa zai isa idan mutum yana zaune, amma ba zai isa ba idan ya ɗauki kaya, ko ya taka keke, ko ya yi sauri don ya sami sahun farko. Sai ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ya tsaya ya huta minti biyu ko uku, abin ya sake shi. Mutane da yawa sukan yi watanni a haka suna cewa tsufa ne ko gajiya. Duk wanda yake jin irin wannan, likita ya kamata ya gani a cikin makon nan, kada ya bari sai ya gama girbi.

Sai dai ba kowa ke samun gargaɗin ba, domin sau da yawa kumburin da ke kisa ba shi ne mafi girma ba, wanda fatarsa ta fi siranta ne. Rana ɗaya fatar ta tsage. Kitsen da ke ciki ya haɗu da jini, jini kuwa ya ɗauka rauni aka ji, sai ya yi abin da ya saba yi idan mutum ya yanke da lauje: ƙananan ƙwayoyi masu danƙo su taru a wurin, su manne da juna, zaren daskarewa ya ɗaure su. A fata wannan rahama ce, shi ke tsayar da zubar jini. A cikin jijiya mai faɗin milimita 3, gudan jinin nan yana iya rufe hanyar ɗungurungum cikin 'yan mintuna. Wani likita a Cikago, James Herrick, ya bayyana haka tun 1912, amma an daɗe ana gardama ko gudan jinin ne sanadi ko kuwa bayan mutuwa yake haɗuwa. Sai a 1980 Marcus DeWood da abokan aikinsa suka ɗauki hoton jijiyoyin masu bugun zuciya suna da rai, suka ga kusan tara cikin goma na waɗanda aka duba a sa'o'i huɗun farko jijiyarsu a toshe take gaba ɗaya. Daga nan gardama ta ƙare, aka koma neman hanyar buɗewa.

A ɗauki misalin wani magidanci ɗan shekara 55, dillalin rake, mai hawan jini wanda ya daina shan magani tun da ciwon kai ya sake shi. Ranar kasuwar Makarfi ce, da hantsi, yana tsaye ana loda mota. An lura bugun zuciya ya fi yawa tsakanin asuba da tsakar rana, lokacin da jini ke hawa kuma ya fi saurin daskarewa. Gudan jini ya rufe reshen da ke ciyar da gaban zuciyarsa. Cikin daƙiƙu kaɗan ƙwayoyin tsokar wannan yanki sun cinye ɗan iskar da ke gare su, sun koma ƙona suga ba tare da iska ba, tsami ya fara taruwa a cikinsu. Kafin minti biyu yankin ya daina matsawa. Bai mutu ba tukuna, amma ya bar wa sauran tsokar aikin.

Shi abin da yake ji nauyi ne a tsakiyar ƙirji, ya ce kamar an aza masa buhu. Ba ya iya nuna wurin da yatsa ɗaya, tafin hannu yake dafawa. Ciwon ya bi kafaɗarsa ta hagu zuwa hannu, ya hau wuya da muƙamuƙi, domin jijiyoyin da ke ɗauko saƙon ciwo daga zuciya da waɗanda ke ɗaukowa daga hannu da wuya a wuri ɗaya suke shiga laka, ƙwaƙwalwa ba ta iya bambance su. Jiki ya ji akwai haɗari, ya saki sinadarin firgita. Gumi mai sanyi ya keto masa alhali ba zafi yake ji ba, fuskarsa ta yi fari, zuciya ta ƙara gudu, wanda kuma ƙarin wahala ne ga tsokar da iska ta yanke wa. Zuciyarsa na tashi, yana jin amai. Ya sami benci ya zauna.

Yaronsa ya ce, "Baba, ko mu tafi asibiti?" Ya ce a'a, olsarsa ce ta tashi, bai ci komai ba tun safe. Aka je kemis. Mai kemis ya ce, "Sannu Alhaji, gyambon ciki ne, ga wannan ruwan ka sha, ga ƙwaya." Aka kai shi gida ya kwanta. Uwargida ta dama masa kunu, ta ce, "Malam, bari rana ta yi sanyi, in bai sake ka ba sai a nemi mota."

Babu wanda ya yi mugunta a cikinsu, kowa abin da ya sani ya yi. Ga abin da ke gudana a ƙirjin Alhaji a daidai wannan lokaci. Bayan minti 20 zuwa 30 da toshewar, ƙwayoyin tsoka sun fara mutuwa, mutuwar da babu dawowa. Ba a lokaci ɗaya suke mutuwa ba. Daga cikin bangon zuciya abin ke farawa, inda jini ya fi wahalar isa, ya riƙa ci yana yin waje sa'a bayan sa'a. Keith Reimer da Robert Jennings ne suka nuna haka a 1977 da gwaji a kan karnuka: idan aka buɗe jijiya bayan minti 40 ana ceto mafi yawan tsokar, bayan sa'a 3 ana ceto wani ɓangare, bayan sa'a 6 abin da ya rage kaɗan ne. Tsokar zuciyar da ta mutu ba ta sake tsirowa. Cikin mako shida zuwa takwas jiki zai maye gurbinta da tabo, tabo kuwa ba ya bugawa. Wanda ya tsira da babban tabo shi ne ake gani bayan watanni yana haki daga ɗaki zuwa zaure, ƙafafu a kumbure, ba ya iya barci sai ya jingina.

Kada a ɗauka wannan ruɗani na jahilci ne kawai. A watan Satumba na 1955 shugaban Amurka Dwight Eisenhower ya tashi cikin dare da ciwon ƙirji, aka fara sanar da cewa ɓacin ciki ne, sai bayan sa'o'i masu yawa aka yi masa awon zuciya aka gane bugun zuciya ne. Ciwon biyu suna kama da juna, musamman idan jijiyar dama ce ta toshe, inda zafin kan tsaya a saman ciki tare da amai. Mata da tsofaffi da masu ciwon suga kuma sau da yawa ba sa jin nauyin ƙirjin sosai. Abin da za a gani shi ne haki na ba gaira ba dalili, kasala mai tsanani, jiri, gumi, ko ciwon baya tsakanin kafaɗu. Mai ciwon suga da ya daɗe yana iya yin bugun zuciya bai ji ciwo ko kaɗan ba, saboda sugan ya lalata jijiyoyin da ke kai saƙo.

Akwai haɗari na biyu, shi ne ma ya fi saurin kisa. Zuciya da wutar lantarki take aiki, wutar da ita kanta ke samarwa, wadda ke bi ta tsokar a jere don ta matse tare. Tsokar da ke fama da rashin iska takan rikita wannan wuta. Maimakon bugu ɗaya mai ƙarfi, sai ɗakunan ƙasa su kama makyarkyata, ba sa tura jini ko cokali ɗaya. Cikin daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar mutum ya yanke jiki ya faɗi. Numfashi ya tsaya, ko ya koma wani irin gurnani jefi-jefi wanda jama'a kan ɗauka numfashi ne. Bayan minti huɗu zuwa shida ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Wannan ya fi aukuwa a sa'ar farko, shi ya sa da yawa daga masu mutuwa da bugun zuciya ba sa ma isa ƙofar asibiti.

Tsayawar zuciya tana da wasu dalilan ban da toshewar jijiya, kuma masu kallon ƙwallo sun ga misalai biyu. Ranar 12 ga Agusta 1989 Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ana karawa da Angola, yana ɗan shekara 25, bai tashi ba. Ranar 12 ga Yuni 2021 Christian Eriksen na Denmak ya faɗi a Kofanhagan ana karawa da Finlan. Nan take aka fara danna masa ƙirji, aka kawo na'urar da ke ba zuciya girgizar lantarki, zuciyarsa ta dawo. Kafin shekara ta zagayo ya koma buga ƙwallo a Ingila.

Danna ƙirjin nan ba ya buƙatar digiri. Idan mutum ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. A ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a kai, a miƙe gwiwar hannu, a danna ƙasa kimanin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. In mai yi ya gaji wani ya karɓa, kada a dakata har a sami ma'aikacin lafiya. Kowane minti da ya wuce ba a yi haka ba, damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Yayyafa ruwa da fifita da ɗura masa madara ba sa tura jini zuwa ƙwaƙwalwa, ɗurawar ma tana iya shaƙe shi. Mace kuma in ta faɗi, 'yan uwanta mata su ne a kusa da ita a cikin gida, don haka su ma wajibi ne su iya.

Idan kuwa mutum yana cikin hayyacinsa, nauyin ƙirji ya wuce minti goma sha biyar bai sake shi ba, abin yi a bayyane yake. A zaunar da shi ya jingina, kada ya yi tafiya da ƙafa, kada ya tuƙa mota ko babur da kansa. A ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna, muddin asfirin ba ya yi masa illa, ba ya aman jini ko baƙin bayan gida, kuma babu alamar shanyewar ɓarin jiki. Sannan a nufi babban asibiti mafi kusa, na Ikara ko na Makarfi ko na Hunkuyi, ko da tsakar dare ne, ko da maigida ba ya nan. Wannan ƙwaya mai araha ba abin rainawa ba ce. A wani babban bincike da aka buga a 1988 a kan marasa lafiya sama da 17,000, asfirin kaɗai ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, allurar narkar da gudan jini ta rage kwatankwacin haka, da aka haɗa su biyun raguwar ta kai kashi 42 cikin ɗari. Amma ba a ce kowa ya riƙa shan asfirin kullum ba tare da likita ya sa shi ba.

A asibiti abu na farko shi ne awon ECG, wanda ke zana wutar zuciya a takarda, kuma ƙa'ida ita ce a yi shi cikin minti goma da isowa. Ana kuma gwada jini don neman wani sinadari mai suna tiroponin da ke tsiyayowa daga tsokar da ta mutu. Hanyar buɗe jijiya biyu ce. Ko dai allurar narkar da gudan jini, wadda ta fi amfani a sa'o'i ukun farko kuma amfaninta ke kusan ƙarewa bayan sa'a 12, ko kuma a zura siririyar roba ta jijiyar hannu ko ta cinya har zuciya, a hura ɗan balan-balan, a bar ƙaramar ragar ƙarfe ta riƙe hanyar a buɗe. Andreas Grüntzig ne ya fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a Zurik a 1977. A Nijeriya wuraren da ke wannan aiki kaɗan ne, yawancinsu a manyan birane kamar Legas da Abuja, kuma da tsada. Don haka ga mutumin Paki ko Gazara ko Likoro, abin dogaro shi ne a gane ciwon da wuri a asibitin kusa, a fara magani, a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko na Malam Aminu Kano da takardar awo a hannu.

An daɗe ana koyar da cewa wannan ciwo na Turawa ne, baƙar fata ba ya yinsa. Wancan zamani ya wuce. Wani bincike na ƙasa baki ɗaya da Farfesa Simeon Isezuo na Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya jagoranta ya tattara marasa lafiya 1,072 tsakanin 2013 da 2018. Matsakaicin shekarunsu 59, kusan kashi biyu cikin uku maza ne, hawan jini ne ya fi yawa a cikinsu, 'yan kaɗan ne suka iso a motar asibiti, kuma tsiraru ne suka sami allurar narkar da jini. Waɗannan su ne suka kai ga manyan asibitoci. Wanda ya rasu a kan tabarma a ƙauye ba ya cikin lissafin.

Ƙasar Zazzau tana da nata tarihi a ilimin zuciya, ko da yake na wani ciwo ne daban. A shekarun 1970 Neil Davidson da Eldryd Parry sun bi diddigin mata 224 a Zariya waɗanda zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta abin da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai zafi. Binciken baya-bayan nan na Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano da abokan aikinsa ya fi karkata ga talauci da rama da hawan jinin masu ciki da ƙarancin sinadarin seleniyam. A wannan ciwo jijiya ba ta toshe ba, tsokar ce ta yi rauni. An kawo shi ne don mai jego da ke haki da kumburin ƙafa ita ma asibiti za a kai ta, kada a ce zafin wanka ne bai ratsa ta ba.

Abubuwan da ke jawo toshewar sanannu ne. Wani bincike a ƙasashe 52 da aka buga a 2004 ya nuna abubuwa tara ne ke da alhakin kusan kashi 90 cikin ɗari na bugun zuciya na farko, a kan gaba akwai yawan kitse a jini da taba da hawan jini da ciwon suga da teɓa. A yankin Ikara da Makarfi da Kudan hawan jini ne babban ɓarawo, domin ba ya ciwo, mutane kuma suna ajiye magani da zarar sun ji dama. Maganinsa ba a gama shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, abin da bai wuce ƙaramin cokali ɗaya ba, kuma dunƙulen miya da kanwa suna cikin lissafin. Sigari da shisha babu ɗan kaɗan da ke da aminci a cikinsu. Wanda ya bar noma ya koma zaman shago da hawan babur, amma bai rage tuwo da lemon kwalba ba, ya san jikinsa ya canja ko da bai gani ba.

Kira na farko ga shugabannin ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan da 'yan majalisun da ke wakiltarsu: su tabbatar kowane babban asibiti a yankin yana da na'urar ECG mai aiki dare da rana, da wanda ya iya karanta ta, da na'urar farfaɗo da zuciya, da motar da za ta kai mara lafiya Shika ba tare da an jira a haɗa kuɗin mai ba. Makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris tana nan Makarfi, ɗalibanta za su iya shiga tashoshin mota da kasuwanni da makarantun Islamiyya na matan aure su koya wa jama'a danna ƙirji. Limamai su ba da minti biyar bayan sallar Juma'a a yi wannan bayani. Masu kemis kuma, don Allah, duk wanda ya haura shekara 40 ya zo muku yana dafe da ƙirji yana gumi, kada ku sallame shi da maganin olsa. Ku ba shi asfirin ya tauna in babu abin da ya hana, ku tsayar masa da mota, ku ce wa ɗansa ya kai shi asibiti yanzu.